Layin Shanu a Sabuwar Rijiya

Bayan samun 'yancin kai aka gina mana rijiyar siminti kusa da Sukukutane. Da yake na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, maigari ya ɗora mini tsara wanda zai fara shayar da garkensa. Da rani makiyaya sukan taru, kowa da sandarsa, ni kuwa tsoron faɗa ya hana ni cin tuwo.

Na kasa raba su gaba ɗaya, sai na riƙa ɗaukarsu biyu-biyu da tambaya guda: "Yaushe rabon shanunka da ruwa?" Wanda ya fi daɗewa ya wuce gaba. In sun zo daidai, wanda ya riga zuwa ya riƙe wurinsa. Na bi layin, na sake bi, har ba mai canza wuri.

Wani dattijon Bafulatani da aka mayar baya ya harare ni.

"Baffa, yi haƙuri," na ce.

"Tambayar nan ita ka yi wa ɗan arɗo?"

"Ita ce, Baffa."

"Shi yana ina?"

"Yana bayanka."

Ya waiga, ya yi dariya, ya jingine sandarsa, ya zauna jira.