Yadda Yaya ya zaɓi kwantena a cikin duhu

Mun tashi da asuba daga Suleja, ni da yayana, ko ruwan shayi ba mu kurɓa ba. Legas muka nufa sayen kwantena. Bara ni na kawo shawarar a ajiye masarar gonarmu ta Iku a wani shagon haya, rufin ya yi yoyo, rabinta ta ruɓe. Yaya ne ya noma ta da hannunsa, amma bai taɓa ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Bana ma ni na kawo maganar a ajiye masarar a kwantena. In aka sake yin asara, na san bakina ya mutu a gidanmu.

A Lambata muka karya da ƙosai da kunu, ƙosan ya ƙara kuɗi ya rage jiki. Daga nan har Bida tankoki da tireloli ne a jere, direbanmu yana kauce wa rami yana faɗawa wani. Mun ƙetare gadar Jebba bayan azahar. A Ilori aka kawo mana amala, Yaya ya daɗe yana kallon baƙin tuwon nan kamar zai tambayi wanda ya ƙona shi, daga baya kuma ya nemi ƙari. Muka kwana a Agege wurin wani ɗan garinmu.

Washegari da hantsi muka isa filin da ake sayar da su, an jibge wata kan wata har hawa uku. Dillalin Bayarabe ne mai Hausa ras, ya ce kwantena aji huɗu ce. Akwai wadda sau ɗaya ta hau teku, kusan sabuwa, da na ji kuɗinta na daina kallon wajen. Akwai wadda ta tsufa amma har yanzu ana yarda ta hau jirgi da kaya, da ɗan farantin ƙarfe a ƙofa mai shaidar an duba ta, wannan ta masu fitar da kaya waje ce. Ta uku ta gama da teku, amma ruwa da iska ba sa shigarta, ita ce ta ajiya. Ta ƙarshe kuwa yadda ka gan ta haka za ka ɗauka, babu maidowa. Haruffan A da B da C da suke laƙabawa, ya ce kowane mai fili da nasa ma'auni, galibi kyan jiki suke nufi.

Ni dai idona ya faɗa kan wata shuɗiya da ta sha sabon fenti, ga sauƙin kuɗi. Har na fara ciniki, Yaya ya kama hannuna ya ja ni ciki.

"Malam, ku rufe mu," ya ce wa dillalin.

"Alhaji, zafi fa!"

"Rufe dai."

Haka yake duba rufin ɗaki a ƙauye kafin damina. Ƙofa na rufuwa na ɗaga kai, sai ga haske yana tsiyaya ta rufin kamar ta rariya. Tsatsa ce aka lulluɓe da fenti. Kunya ta kama ni, na gode Allah da ba ya ganin fuskata.

Mun shiga guda biyar. Ɗaya ba ta yoyo, amma da Yaya ya durƙusa ya shinshina katakon ƙasa, warin magani ya ji, ya ce ba zai sa abinci a nan ba. Wadda ya zaɓa ja ce mai kwarzane da lotsawa a gefe, ta aji na uku. Robar ƙofarta lafiya lau, cikinta duhu ƙirin, ko yatsana ban gani ba.

Mun riga ta isowa gida da kwana uku. Aka ɗora ta kan bulo a Iku, aka yi mata rumfar kwano don kada zafi ya sa ta gumi, muka jera buhuna kan katako. Maƙwabta suka yi ta tsiya, wai har Legas muka je sayo gwangwani. Abin da na koyo dai shi ne, kwantena daga ciki ake sayenta, ƙofa a rufe.

Ranar Talata da la'asar aka yi ruwan farko, mai ƙarfi. Yana ɗaukewa muka je Iku. Yaya ya buɗe, ya shafa buhun sama, ya shafa na ƙasa, ya duba tafinsa. A bushe yake. Ya kulle, ya miƙo mini makullin.

"Riƙe," ya ce. "Shawararka ce."