Ranar da Aka Zo Binciken Halin Auta

Auta mai walda ne, kuma duk layin ba wanda ya kai shi iya haɗa ƙofar ƙarfe. Amma tun yana yaro zuciyarsa tana wurin kakin soja. Da aka buɗe ɗaukar sababbin sojoji sai ya tsiri gudun safe, ya iso shago yana haki kamar tsohon babur, abokan aiki suna tsokanarsa: "Janar, zo ka riƙe mana rodi!"

Sai dai Auta ya taɓa lalacewa. Bayan rasuwar mahaifinsu ya faɗa shan maganin tari, daga nan ya wuce ƙwaya, har ta kai ana tsintarsa kwance a bakin kwata. Ummansa ce ta tsaya masa. Ita ta kai shi asibitin masu shaye-shaye, ta yi ta zarya da kwanon abinci har aka sallamo shi. Shekaru ke nan ko taba bai sake kaiwa baki ba.

Ranar tantancewa, wani mai shegen surutu da ke gabansa a layi ya raɗa masa, "In sun tambaye ka ƙwaya, ka ce ko kalarta ba ka sani ba. Ai fitsarinka zai fito fes." Fes ɗin kuwa ya fito. Da likita ya ɗago kai ya tambaye shi ko ya taɓa shan wani abu, Auta ya ji bakinsa ya ce a'a kafin zuciyarsa ta gama shawara. Ya ci gudu, ya ci awon ƙirji, ya ci gwajin jini. Saura binciken hali, inda ake turo mutum har gida ya ji ko kai wane ne.

Abin da Auta ya manta shi ne Umma. Ita fa wannan labari ba abin kunya ba ne a wurinta, shi ne abin alfaharinta a duniya. Duk uwar da ɗanta ya fara kauce hanya, wurinta take zuwa neman shawara. Saboda haka da wani saje ya yi sallama da hantsi, Auta yana shago, sai ta jawo masa kujera, ta kawo ruwa mai sanyi, ta zayyana masa komai, har sunan asibitin.

"Yallaɓai, ɗan nan daga bakin kabari Allah ya dawo mini da shi," in ji ta. "Wanda ya fi ƙarfin ƙwaya, wane maƙiyi ne zai razana shi?"

Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta faɗa. A ganinta babu yabon da ya kai wannan.

Hafsan da ya kira Auta ofis bai ɗaga murya ba. "Da ka faɗa da bakinka, da likita ya duba tsawon lokacin da ka daina, wataƙila ka wuce. Amma wanda ya ɓoye mana tun daga ƙofa, ba za mu damƙa masa bindiga ba."

Auta ya fito daga ofis ɗin. Haushin kansa ya ishe shi, ba shi da wanda zai zarga.

A gida ya tarar Umma ta wanke masa jaka, tana ninke riguna a kan gadonsa.

"Ba su ɗauke ni ba, Umma."

Rigar ta suɓuce daga hannunta. "Kamar yaya? Haba! Ni kuwa ban rage wa sajen nan komai ba. Ko bai kai musu maganata ba ne?"

"Ya kai, Umma. Duk ya kai."

"To me kuma suke nema?"

Auta ya dube ta, idanunta sun ciko saboda shi, tausayinta ya kama shi. Ya sunkuya ya ɗauke rigar daga ƙasa.

"Yawa muka yi, gurbi ya cika," ya ce.

Wannan ƙaryar kam, har yau bai yi nadamarta ba.