Ranar da Muka Kai Turmi Situdiyo

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba na jin zan manta ranar da turmi ya shiga situdiyo a unguwar Maourey.

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu, ni ke kaɗa gita. Mun gaji da kwaikwayon kiɗan wasu, sai muka ce albam ɗinmu na farko na ƙauye zai zama: gita da gurmi, waƙoƙin damina da na 'yan ci-rani. Mawaƙinmu ne ya kawo yawancin baitocin, kuma bai ɓoye ba, a bakin mahaifiyarsa ya tsince su tun tana daka a ƙauyensu na wajen Tahoua. A lokacin tana gidansa a unguwar Kirkissoye, ƙetaren kogi, ciwo ya ci ƙarfinta, likita ya riga ya gaya masa gaskiya. Burinsa ɗaya ne, muryarta ta shiga albam ɗin tun tana da rai.

Da ƙyar ta yarda. Muka zaunar da ita a kujera, muka toshe mata kunne da abin sauraro, muka kafa mata mikoro a baki kamar minista. Wautar 'yan birni ke nan! Muka yi ta kaɗawa, Inna ta buɗe baki, ta rufe.

"Ɗiyana, ba ta zuwa," in ji ta. "Mi za ni yi da wanga ƙarfe? Ni ban taɓa waƙa hannu banza ba. Ina turmin?"

Ɗanta ya juya wa mutane baya yana share ido. Ni kuwa ban iya tsayawa kallon namiji na kuka ba, na tare taksi na haye gada zuwa gidansa. Da direban ya ga ina cusa turmi da taɓarya da kwanon hatsi a bayan motarsa, ya ce, "Malam, biki ne?" Na ce, "Ya fi biki." Mai situdiyo ya yi ta mita a kan daɓensa har sai da muka shimfiɗa bargo.

Inna ba ta iya ɗaga taɓarya. Matar ɗanta da ta rako ta ce ta kama dakan, ita kuma ta dafa gefen turmin da tafinta. Da taɓarya ta kama hanya, sai murya ta fito, siririya, tana rawa, amma ko tuntuɓe babu. Na manta da gita a hannuna. Ni da na guji kukan wani, sai ga nawa.

Tana gamawa, mikoro na kunne, ta ce wa surukarta, "Ke, bakace shi, kar a yi ɓarnar hatsi."

Ba ta ga fitowar albam ɗin ba. Maganar nan mun bar ta a ƙarshen waƙar yadda take. Har yau in ɗanta ya saurara aka zo wurin, sai ka ji ya amsa a hankali, "To, Inna."

Tun ranar na san in kana son abin da ke bakin tsoho, ka same shi a inda ya saba, kuma ka same shi yau. Gobe ta Allah ce.