Baba Ilyasu da Akwatin Ƙarin Ƙarfin Mota

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin wanke-wanke da safen nan wayar maigidana ta yi ƙara. Ya ɗauka, sai na ga ya zauna a kan turmi. Baba Ilyasu bakanike na Tsarnawa ya rasu. Wai ya dawo daga masallaci ya ce kansa na juyawa, ya kishingiɗa. Shi ke nan.

Har yanzu kwanonin na cikin ruwa.

Ku da kuka san ni a wannan zauren na masu karatun littafi, kun san ba irin wannan nake rubutawa ba. Kullum tambayata ita ce wa ke da ci gaban littafi kaza, ko wa ya ji haushin yadda aka ƙare wancan. Yau ku yi haƙuri da ni.

Baba Ilyasu ba ubana ba ne, ba kuma uban maigidana ba. Shi ya koya masa tuƙi, shi ya raka shi Konni ranar da ya sayi tsohuwar bashen nan, a-kori-kurar da muke ci da ita. Siminti daga Malbaza, albasa daga Galmi, duk lodin da Allah ya kawo. Ba mu da wata sana'a bayanta.

Ran da aka kawo ni, Baba da kansa ya tuƙo kayan ɗakina. Ya ce ba zai bar wani ɗan gaggawa ya fasa wa ɗiyarsa madubi ba.

Da ya ji an ce ina kuka in an ɗauke wuta wayata ta mutu a tsakiyar babi, ya haɗo mini tsohon batirin mota da wajen caji. In ya shigo gidanmu, gaisuwarsa ke nan: "Malama mai littahi, yau wa ya auri wa?"

Akwai wata rana bara, lokacin albasa, da ba zan manta ba. Tun ranar ban ƙara zama yadda nake da ba.

Ni na ga bidiyon. Wani ɗan akwati baƙi, bai fi tafin hannu ba, ana jona shi a jikin injin. Mai tallar ya ce ƙarfin mota zai kusa ninkawa, shan man gazuwal kuma ya ragu. Aka nuno mota tana hawa tudu kamar ba ta ɗauki komai ba.

Nan take na gama tsara labarin a kaina. Maigidana zai riƙa yin sawu biyu a rana maimakon ɗaya. Zai riga kowa isa kasuwa. Zai dawo gida kafin magariba, da farar riga, in ji rurin motarsa tun daga kwana in san shi ne, kamar yadda ake yi a littafi.

Na dame shi. Na yi fushi, na yi shagwaɓa, na daina magana kwana biyu. Ƙarshe ya tsallaka iyaka ya sayo. Direbobi a tasha bwat suke ce masa.

Sati ɗaya yana dawowa yana ce mini motar ta koma sabuwa. Ni kuwa ina ta jin daɗi, a zatona na gyara mana rayuwa.

Da Baba ya buɗe gaban motar ya gani, bai yi faɗa ba. Ya ce ranar Lahadi a yi lodin siminti kamar kullum, a same shi a hawan jar ƙasa da ke bayan Tsarnawa. Ya ce kuma a zo da ni, tunda ya ji ni ce injiniyar.

Haka yake aikinsa. Bai yarda da kunnen direba ba, ya ce direban da ya sayi sabon abu kunnensa ya riga ya karɓi cin hanci.

Ya ajiye ni a ƙarƙashin wata aduwa can saman hawan. Ya ce in buɗe agogon wayata, in danna in ya ɗaga hularsa daga gindin hawan, in sake dannawa in motar ta iso aduwar. Hawa huɗu za a yi. Kafin kowane hawa maigidana zai juya baya, Baba ya shiga ƙarƙashin murfin injin ya jona akwatin ko ya cire, ba wanda zai sani sai shi.

Rana na dukana, ina ta dannawa ina rubutawa a ƙasa da tsinke.

A hawa na uku maigidana ya iso yana dukan sitiyari. Ya leƙo ya ce, "Baba, ka ji ko? Wanga shi ne ƙarfi! Ko kurma ya san an jona."

Baba ya diro daga bayan motar, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da akwatin.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Daga baya na daina dariyar, don na tuna wa ya kawo maganar tun farko.

Abin da ya sa nake girmama shi, bai ce akwatin banza ba ne. Da aka gama hawa na huɗu, ya zo ya duba abin da na rubuta. Hawa biyun da aka jona, motar ta rage sakan huɗu a ɗaya, biyar a ɗaya, a hawan da ya fi minti guda. Ya ce, "Yana ƙarawa, ɗiyata, ba ni yi miki ƙarya. Amma ƙarin kamar ki sauke buhu biyu ne daga lodin. Ba ninki ba."

Sannan ya tambaye ni me na gani a bayan motar a waɗannan hawa biyun. Na ce baƙin hayaƙi. Ya kira ni ya nuna mini allurar zafi ta wuce inda ta saba tsayawa. Ya sa na sunkuya na ji ƙaurin kuloci.

Ya ce akwatin ruɗin injin yake yi. Yana ce masa mai bai isa ba, injin ya ƙara turawa. A sabuwar mota mai yawo ba kaya, wataƙila a ji daɗinsa a daɗe. A tsohuwa mai ɗaukar siminti cikin zafin ƙasar Adar, ƙarfin gobe ne ake ci yau. Ya ce akwai ma na bogi da ba komai cikinsu sai ƴar fitila mai ƙyaftawa, kuma su sun fi sauƙi, don ba su kashe injin.

Ya ciro matatar iska ya kaɗe ta a jikin taya, ƙasa ta zubo kamar gari. Ya ce rabin ƙarfin da muke nema a bidiyo ga shi nan mun binne.

Ya naɗe akwatin a tsumma ya miƙo mini. "Ke kika so shi, ke za ki aje shi."

Tun ranar yana cikin adakata, ƙarƙashin littattafai.

Ban daina karatu ba. Amma yanzu in jarumin littafi ya taka mota ta tashi sama, sai in ji ina tambayar kaina ina allurar zafinsa take.

Bana abubuwa sun yi nauyi. Masu sababbin motoci na wuce maigidana a hanyar Galmi, su kwashe lodin safe kafin ya iso. Ya rame. Sau uku yana ce mini in fito da akwatin, na wata ɗaya kawai, har albasa ta ƙare. Kullum amsata ɗaya: sai Baba ya yarda. Na fake da tsohon nan don ba ni da ƙarfin cewa a'a da kaina.

Ranar Alhamis na ga Baba ganin ƙarshe. Na dawo daga awo, na biya garajinsa na kai masa fura. Yana zaune a kan tsohuwar taya, ƙafafunsa sun kumbura. Bai tambaye ni wa ya auri wa ba.

Ya ce maigidana ya zo masa da maganar, ya hana. Ya ce shekara nawa yana faɗa wa direbobi abu ɗaya, su ce to, su tafi wani garajin a jona musu, wata uku a jawo motar da igiya a kawo masa. Ya gaji.

"Ni ba kullum nike nan ba," ya ce. "In injin nan ya tafi, ba shi da na biyu. Ke kin gani da idonki, ke kika riƙe agogon."

Na ce Allah ya ƙara lafiya, Baba. Na ɗauki kwanona na tafi, ina sauri kar rana ta yi.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba, jiya da la'asar na fito da akwatin. Na ga maigidana ya dawo ba lodi, ya kasa cin tuwo, tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina da safe zan ba shi, Baba ba sai ya sani ba.

Da safen sai ga waya.

Yanzu sun tafi kai shi makwancinsa. Ni kaɗai ce a gida, ga tsumman a gabana, har yanzu da shatin baƙin man yatsunsa a jiki.

Allah ya jiƙan Baba Ilyasu. Ya Allah, ya faɗi gaskiya ko da ba a so ji ba, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa. Ka ba matarsa Inna Hajo da ƴaƴansa haƙuri. Ka buɗa wa maigidana ta hanyar da ba za ta cinye motarsa ba.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu. Direbobin hanyar Konni da Malbaza, ku da ya sha shiga ƙarƙashin motocinku, ku sa shi a addu'ar sallolinku.

Akwatin kuwa yanzun nan na sake naɗe shi na mayar ƙasan adaka. Ba za a jona shi ba. In maigidana ya dawo ya huta, ni zan faɗa masa da bakina.