Albasar da Kawu Ya Ƙi Ɗauka

Har gobe raina ɓaci yake idan na ji an ce wasan kwamfuta shirme ne. Masu faɗin haka ba su ga aikin yayata ba.

Tana buga takardu ne a wani shago a Jega, lokacin da kwamfuta ta fara shigo mana. A cikin kwamfutar shagon akwai tsohon wasan nan na ɗan guntun mutum mai gudu, yana tsallake ramuka yana tsintar zinariya. Yaya ta gano yadda ake sake zanen, ɗigo bayan ɗigo. Ta mayar da zinariyar albasa, tubalan da ake takawa suka koma rumbuna.

Wata ranar kasuwa kawunmu, manomin albasa daga Sabiyal, ya biyo ta shagon. Muka matsa masa ya gwada. Ya iya tsallen kuwa, amma duk albasar da ya tarar sai ya haure ta ya wuce. Na ƙule, na ce, "Kawu, ai ita ake tarawa!"

Ya dangwala yatsa a gilashin kwamfutar. "Ba ka ganin ganyenta tsaye? Ba ta ƙosa ba. Mu ba mu cire albasa sai ganye ya kwanta."

Na tuntsire da dariya. Yaya ko murmushi ba ta yi ba. Sati guda ta yi tana kwantar da ganyen nan, tana rina shi ruwan ƙasa.

Da kawu ya dawo, ya daɗe yana duban gilashin, sannan ya ce, "Yauwa, ɗiyata." Ya sake gwada wasan, ko ƙwayar albasa ɗaya bai bari ba.