Ni da Zakara a Bayan Rumbun Gwaggo Dije

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna a aji shida ya tsaya, kuma ni mutum ne mai tsoron kuskure. Ko gaisuwa na yi da mutum, sai in koma gida ina tunanin ko na manta ban tambayi iyalinsa ba. Ga kuma fargabar kada a ce na mayar da mamaciya abin dariya. Amma kajin Gwaggo Dije suna hannuna yanzu, amana ta bar min, kuma akwai abin da nake nema a kansu wanda sai wanda ya san ta zai iya gaya min. Shi ya sa na daure.

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu ya san dokarta. Gwaggo yayar babanmu ce, tun da mijinta ya rasu ta dawo gida da kajinta. Kazar da ta fito daga waje ba ta haɗuwa da nata. Ko saye ko kyauta, sai an ɗaure mata ƙafa a bayan rumbu ita kaɗai, a ajiye mata kaskonta daban da wani jiƙo mai ɗaci. Gwaggo ta yi ta duba idonta da kashinta kwana da kwanaki, sannan ta sake ta. Matar mai unguwa ta taɓa aiko mata da wata ƙatuwar kaza, Gwaggo ta kama ta ɗaure. Aka ce, "Haba Gwaggo, daga gidan mai unguwa fa take!" Ta ce, "Ita kazar ce mai unguwar?"

Da aka fara zancen korona a rediyo, kowa a garinmu ya zama likita. A gindin darbejiyar ƙofar gida, Malam Idi maƙwabcinmu ya ce cutar masu hawa jirgi ce, ba ruwanta da manomi. Wani ya ce zafin Kano kaɗai ya ishe ta. Ni kuwa duk alamar da mai rediyo ya ambata, kafin ya rufe baki na ji ta a jikina. Ya ce tari, na yi. Ya ce zazzaɓi, na taɓa goshina na ji kamar tukunya. Na wanke hannu har matata Rabi ta ɓoye sabulu.

Gwaggo tana tsinkar zogale a zaure tana jin mu. Ta leƙo ta ce, "Malam Idi, kajinka da suka mutu bara, wane jirgi suka hau?" Ya ce, "Ai kasuwa na sayo ɗaya, ita ta shafa wa sauran." Ta ce, "To!" ta koma ciki. Abin da likitoci suka yi ta bayani a rediyo, wai tana bin numfashi, wai mai ɗauke da ita zai iya yin kama da mai lafiya, ita a wurinta tsohon labari ne. Cewa take, "Cutar kaji ce ta gaji da kaji."

Na yi dariya ranar. Ban san da ni za a fara ba.

Aka ce za a rufe kasuwanni, sai na kai ɗan wakena Dawanau. Na dawo da yamma, ina saka ƙafa a zaure sai tari ya ƙwace min. Sau biyu kacal, wallahi! Gwaggo ta miƙe da muciya a hannu.

"Tsaya nan, Sale. Daga ina?"

"Dawanau, Gwaggo. Ai kin sani."

"Kasuwa ke nan. Bayan rumbu."

"Gwaggo, ni ne fa, ɗan ƙaninki!"

"Shi ma zakaran da ke can ɗan wata ne."

Wani zai yi gardama. Ni kuwa tsoro ya riga ya kashe ni, har ina ganin ni zan ƙarar da gidan. Na ɗauki tabarma na tafi. Aka kafa min 'yar rumfa ta kara kusa da wani jan zakara da ta sayo a Minjibir, yana ɗaure yana kallona da ido ɗaya. Bambancinmu kawai ni ba a sa min igiya ba, kuma Rabi ta rantse Gwaggo ta ɗauko igiyar, sai ta fasa.

Abinci da doguwar gorar kakkaɓo mangwaro ake turo min. Kowace safiya kuma sai an yi jarrabawa, don Gwaggo ta ji an ce mai korona ba ya jin wari. Sai ta jefo min daddawa ta kan danga.

"Ka ji?"

"Na ji, Gwaggo."

"Warin me?"

"Daddawa."

"Ai ka gan ta, munafuki. Rufe ido!"

Tana juya baya sai in shiga shakka. Shin na ji ne, ko tunawa na yi? In sake shinshinawa, in sake, har hancina ya saba na daina ji gaba ɗaya. Na ƙwala ihu, "Rabi, ta kama ni! Ki yafe min!" Rabi ta leƙo ta ce, "Malam, mu nan warin ya hana mu sakat, kai kaɗai ne ba ka ji."

Sai jiƙon nan. Kullum a turo min kofi ɗaya, ja-ja, ɗacinsa har kunne. Ina sha ina godiya, ina zaton wani babban sirri ne na kakanni. Wata rana na ga ta tsiyaya min nawa, ta zuba ragowar a kaskon zakara. Na ce, "Gwaggo, maganin kaji kike ba ni?" Ta ce, "Ka ji shi ya yi ƙorafi?" Na ce to yana maganin korona ne? Ta ce, "Zamanka nan shi ne maganin. Ɗacin don ka san kana jinya ne, ka bar damun mutane."

Tarin bai sake dawowa ba, ƙaiƙayin wake ne kawai. Duk da haka zakaran ya riga ni samun saki. Na tambayi dalili, ta ce shi idonsa ya fi nawa kwanciyar hankali.

Da allurar rigakafi ta zo ɗakin shan maganin garinmu, na ji jita-jita kala-kala, na ce ni sai na yi nazari. Gwaggo ta ja hannun rigata har layi. Ita ce gaba. Ta zauna a gaban malamar asibiti, ta ɗaga kai, ta sa yatsu biyu ta bangaɗe ido. Malamar ta ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Ɗiga mana, 'yar nan, ina da aiki." Ashe haka malamin dabbobi yake yi wa kajinta, a ido yake ɗiga musu. Da aka ce a dantse ne, ta miƙa hannu tana cewa, "Kaji sun fi mu gata." Ni da aka zo kaina, sai da Gwaggo ta riƙe min kai kamar za a yanka ni.

A daminar bara Gwaggo ta rasu, bayan gajeruwar jinya ta tsufa. Ranar sadakar uku Rabi take gaya min abin da ban sani ba. Duk zamana a bayan rumbu, Gwaggo ta mayar da aikinta gindin dangar, tana sauraren numfashina. Ba ta cin abinci sai kwanona ya dawo wayam. Allah Ya jiƙan Gwaggo Dije, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta a inda babu ciwo babu tsoro.

Kajinta suna nan. An ɗiga musu rigakafi, kuma jiya na ɗaure wata baƙuwa a bayan rumbu kamar yadda take yi. Amma kaskon ruwa ne zalla, kuma duk na kalle shi sai in ji na rage mata wani abu. Don Allah, matan da kuka je daji da ita, ko wanda ya taɓa ganin ta tana sassaƙa, ɓawon wace bishiya take jiƙawa? Ko ba ku da tabbas, ku kawo min. Ina ɗanɗanawa zan gane shi.