Dutsen da Ke Ƙirjin Fortunato

Sau ɗaya aka taɓa kayar da Fortunato a gardama: ranar da matarsa Hermelinda ta ɗaure masa jan gyalenta a hanci saboda ƙura. Haka gogan naku ya tafi ramin jirgin ƙasa da suke haƙawa cikin dutse, abokan aiki suna kiransa amarya. Yana shiga ya kwance gyalen. Shekara takwas yana shaƙar garin dutse.

Yanzu jirgi kan ratsa ramin cikin 'yan mintoci, shi kuwa tsakar gida ma sai ya huta sau biyu kafin ya ratsa ta. Hermelinda ta dage su sauka daga kan dutsen zuwa birnin Lima da ke bakin teku, ko iskar teku ta ƙara masa kwana.

"Ke tsohuwa," ya ce cikin tari, "rabin dutsen nan yana ƙirjina. Wa zai iya sauko da shi?"